Wa zai ba yaranmu gari?

 A wannan mako za mu ɗan jingine zancen tsadar hatsi da na kuɗin duwan, mu shiga cikin gida, domin akwai wata dukiya da take zubewa a tsakar gidajenmu ba mu jin ƙarar zubarta. Dukiyar nan ita ce hirar dare da ƙananan yara, wato kacici-kacici da tatsuniya, wadda a wasu sassan ƙasarmu ake kira gatana. Na san akwai alhajin da zai karanta wannan ya yi murmushi, ya ce yau kuma an rasa abin rubutawa sai wasan yara. To, Alhaji, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, in ya so sai a yanke hukunci.

Duk wanda ya ba shekara 40 baya a cikinmu, ko a Maraɗi ya tashi, ko Damagaram, ko Tawa, ko wani ƙauye na ƙasar Arewa, ya san yadda abin yake. An yi sallar lisha, an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma, yara sun kewaye kaka ko gwaggo. Ba a faɗawa cikin tatsuniya kai tsaye, sai an wasa ƙwaƙwalwa tukuna. Tsohuwa ta ce: "Ƙulin ƙulifita." Yara su amsa baki ɗaya: "Gauta!" Wannan kowa ya san ta, mabuɗi ce kawai. Daga nan sai a shiga masu nauyi. "Baba na ɗaka, gemu na waje": wuta da hayaƙi. "Uku-uku ta gama gari": duwatsun murhu. "Iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba": kunnuwa. "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba": yunwa. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya": tsintsiya.

Abin da ya kamata mu manya mu tsaya mu duba shi ne aikin da kan yaro yake yi tsakanin tambaya da amsa. Kacici-kacici yakan ɗauki abin da yaro yake gani kullum, ya tuɓe masa sunansa, ya sa masa rigar wani abu dabam. An ce masa shanu dubu, ga shi kuwa gidansu ko akuya biyu babu. Tilas ya saki shanun ya riƙe siffar, wato abubuwa masu yawa a cikin ɗauri guda. Sai ya shiga zagaya gida a zuciyarsa, ya ɗauki wannan ya gwada ya ajiye, ya ɗauki wancan, har idonsa ya faɗa kan tsintsiyar da take jingine a bakin madafa. In ya ce damin hatsi ne, tsohuwa mai hankali ba ta kushe shi ba, sai ta ce ya yi kusa, ya ƙara dubawa. Wannan aiki na gwada abu da abu, da jefar da amsar da ba ta zauna ba, shi ne dai aikin da ɗan kasuwa yake yi sa'ad da aka kawo masa haja aka ce ta Dubai ce, shi kuwa ya juya ta ya duba ɗinki. Shi ne kuma aikin ma'aikacin da aka ajiye wa takarda bisa tebur, ya karanta abin da aka rubuta, ya kuma gano abin da aka ƙi rubutawa. Ba a lekkol aka fara koya mana wannan ba, bisa tabarma ne.

Ba ni gari

Akwai wata ƙa'ida cikin wasan nan da ta fi amsoshin kansu daraja. Idan yara sun yi iyakar ƙoƙarinsu sun kasa, ba a ba su amsa kyauta. Mai tambaya sai ya ce: "Ku ba ni gari." Wani ya ce: "Na ba ka Tasawa." Mai tambaya yana da ikon ya karɓa, yana kuma da ikon ya ce ba ya so, a ba shi wanda ya fi. A yi ta ciniki ana dariya har a kai garin da ya gamshe shi, sa'an nan ya faɗi amsa.

Ku dubi abin da yake ƙunshe cikin wannan 'yar ƙa'ida. Yaro yana koyon cewa sani yana da tsada, wanda ya riƙe shi ana biyansa. Yana kuma koyon ya ce "ban sani ba" a gaban jama'a ba tare da kunya ta kashe shi ba, domin kasawa a nan wani sashe ne na wasan, kowa yana kasawa, har babban wa. Da yawa daga cikin wahalar da talaka yake sha a biro-biro namu ta samo asali daga mutanen da ba su iya furta kalmomin nan uku ba. A tambayi mutum hanyar da takarda za ta bi, bai sani ba, amma girman kai ya hana shi faɗi, sai ya tura bawan Allah wata ƙofa, can ma a tura shi wata, ranarsa ta tafi a banza. Da ya saba ba da gari tun yana ƙarami, da ya ce: "Malam, wannan ta fi ƙarfina, bari mu tambayi wanda ya sani."

Bayan haka, ba da gari darasin sanin ƙasa ne wanda ba ya bukatar allo ko alli. Uban da aka ba gari yana iya cewa: "Na karɓa, amma ku faɗa mini abin da zan tarar can." In an ba shi Galmi, a ce albasa. In Madarumfa ce, a ce tabki da kifi. In Mirriya ce, a ce tukwane da garake. In Madawa ce, a ce tabarmi. In Bilma ce, a ce gishiri da dabino, daga nan a shiga labarin ayarin raƙuma da yake ratsa Tenere. In Agadas ce, a ce doguwar hasumiyar masallaci ta ƙasa. Wa ya fi ɗan kasuwa sanin waɗannan garuruwa, shi da ya kwana a tashoshinsu? Wa ya fi ma'aikacin gwamnati, shi da aka yi ta ɗauka daga wannan jiha zuwa waccan? Kowane ɗayanku yana yawo da taswirar Nijar a cikin kansa, 'ya'yansa kuwa ba su san abin da yake bayan unguwarsu ba.

Ƙaryar da take faɗin sunanta

In an gama da kacici-kacici sai a shiga tatsuniya. Ita ma tana da ƙofa. Mai bayarwa ya ce: "Gatanan gatananku," ba kuma zai ci gaba ba sai an amsa masa, "Ta zo mu ji ta," ko "Ta je ta komo," gwargwadon al'adar gari. Wato sai da yardar masu saurare ake farawa, kuma suna da hannu a ciki har ƙarshe: su amsa waƙa, su yi gardama, su gyara wa tsohuwa in ta tsallake wani wuri. Ga Gizo da tsamin bakinsa da wayonsa da yake kai shi ya baro shi, ga Ƙoƙi matarsa, ga Kura da kwaɗayinta da wautarta, ga Dila malamin daji, ga Zaki manyan dawa, ga Dodo a bakin rafi. Ta bakin waɗannan ake faɗa wa yaro abin da in an faɗa masa kai tsaye zai ɗauka faɗa ne. Ba a ce masa kai makwaɗaici ne ba, an dai ba shi labarin Kura, shi da kansa zai gane inda takalmin ya matse shi. Har manya ma ba su tsira ba, domin tatsuniyoyin Bora da Mowa, in ana ba da su a gidan da yake da mata biyu, maigida da yake kishingiɗe can gefe yana yin kamar barci yake, amma kunnensa a buɗe yake.

An hana tatsuniya da rana, ana tsorata yara cewa mai yin ta da rana ɓata yake yi. Hikimar a fili take: rana ta aiki ce, ta gona da kiwo da makaranta, dare kuwa na hira. Magabata sun ba wasa lokacinsa, sun kuma yi masa iyaka.

Akwai masu cewa tatsuniya ƙarya ce, bai kamata a saba wa yaro da ƙarya ba. Niyyarsu mai kyau ce, amma a duba yadda ake rufe ta. Mai bayarwa yakan ce: "Ƙurungus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," wasu ma su ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. Ƙarya ta gaskiya ita ce wadda take ɓoye kanta don ta cuci mai ji. Tatsuniya kuwa tana shelar kanta tun daga bakin ƙofa, ta sake shela wajen fita, ba wanda aka yaudara. Yaro ɗan shekara 5 da ya saba da ita ya riga ya san magana iri biyu ce, akwai wadda ta faru, akwai wadda aka shirya, ya kuma saba neman alamar da take raba su. A zamanin nan da labari yake shigowa ta WhatsApp da Facebook ba sallama, ba gatanan gatananku, ba ƙurungus, a ce an ga kaza a gari kaza, kafin la'asar farashi ya tashi ko unguwa ta rikice, wannan sabo ba ƙaramin makami ba ne. Ƙaryar da ya kamata mu ji wa tsoro ita ce wadda ba ta ambaton Gizo.

Guzurin Dorugu

Wanda yake shakkar nauyin abin da ake zuba wa yaro da dare, ya tuna da Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, wajen Kance, wanda aka kama cikin hare-haren bauta na wancan zamani, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Barno. Can wani Bajamushe matafiyi ya 'yanta shi, daga baya ya shiga hidimar Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai. A Ingila ya zauna wurin wani ɗan mishan mai suna Schön, ya yi ta ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa, har suka shiga littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. An ƙwace wa yaron nan gida da dangi da 'yanci, bai fita da ko tsinke ba, amma abin da aka zuba masa a kunne yana ƙarami ya haye hamada da teku tare da shi, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausa na boko. Mu da muke wahalar tara wa 'ya'ya filaye da shaguna, yana da kyau mu tambayi kanmu wane guzuri muka ba su wanda ba a iya ƙwacewa.

Bayan Dorugu an yi ta tattarawa. Wani Bature, Frank Edgar, ya buga manyan littattafai 3 na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913. A nan gida marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki, ya tara tatsuniyoyi da almara na ƙabilun Nijar cikin littattafai da dama. A Yamai an kafa cibiyar tattara al'adun baka tun 1968, wadda aka sani yau da sunan CELHTO. Duk wannan aiki abin godiya ne. Sai dai tatsuniyar da take cikin littafi ko faifai kamar iri ce a cikin rumbu: an tsare ta daga ɓata, amma ba ta tsira a can. Gonarta ita ce kunnen yaro, damanarta kuwa 'yan shekaru ne kaɗan, daga yaye zuwa wajen shekara 10. In suka wuce ba a shuka ba, sai a jira jikoki.

Ina tabarmar ta tafi?

Ba wanda ya tashi da gangan ya kashe hirar dare, zama ne ya sake. Kaka ta zauna ƙauye, ɗanta yana aiki a Yamai ko yana kasuwanci a Maraɗi. Gidan gandu mai sassa da yawa, inda yara 15 suke taruwa wurin tsohuwa guda, ya koma gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, kowa da nasa. Maigida ya fita tun da hantsi, in ya rufe shago ko ya tashi daga aiki sai majalisa, ba ya shigowa sai yara sun yi barci. Uwargida ta gaji da aikin yini. Telebijin ta fara karɓe wurin tsohuwa, daga baya wayar salula ta zo ta karɓe wurin telebijin. Yau yaron da bai iya ɗaura wando ba ya iya murza waya, in ya yi kuka a miƙa masa ita don a huta.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban telebijin ko waya, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa guda a yini, in an rage ma ya fi. Abin da ta ce a yi masa in yana zaune shi ne karatu da ba da labari daga bakin mai renonsa. Wato likitocin duniya sun yi dogon zagaye sun iso inda kakanninmu suke zaune tuntuni. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Waya tana iya nuna wa yaro labari mai launi da kiɗa, wanda ya fi na tsohuwa ƙawa, amma ba ta tambayarsa, ba ta jiran amsarsa, ba ta ganin ya tsorata ta sassauta, ba ta ganin ya gane ta ƙara wuya. Ba a taɓa ba waya gari ba. Yaro yana koyon magana ne ta hanyar a yi da shi, ya faɗa a mayar masa.

A nan ne zancen ya taɓo harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara koyar da yara da Hausa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka tana iya ba harshe kujera, amma ba ta iya sa shi a bakin yaro. Akwai gidajen ma'aikata da yawa inda ba a yi wa yara magana sai da Faransanci, wai don su yi ƙoƙari a lekkol, Hausa kuwa ta koma ta aike da tsawa: zo nan, tafi can, bari, yi shiru. Ba wanda ya ce kada yaro ya iya Faransanci, ya iya shi ƙwarai ma, har ya ƙara da Larabci da Ingilishi. Amma yaron da ya san Hausar aike kaɗai bai san maɗauri ba, bai san tsumangiya ba, bai san ana iya ɗaukar kalma a juya ta ta haifi wata ma'ana ba. Wanda ya saba juya magana da harshen uwarsa kuwa, ko wane harshe ya shiga da wannan gwaninta zai shiga. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, saboda haka irin Hausar da za a yi nan da shekara 30 tana hannun waɗanda suke kwance a ɗakunanmu yau. Maganar nan kuma ba ta Hausawa kaɗai ba ce, domin Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da sauran 'yan'uwa kowa yana da nasa kacici-kacici da nasa tatsuniyoyi, kowa kuma waya ɗaya ce ta shigar masa gida.

"Ai na manta su"

Wannan ita ce hujjar da iyaye maza suka fi kawowa. Amsarta kuwa ita ce, wanda ya manta tsoho sai ya ƙera sabo. Kowane kacici-kacici da muka gada wani ne ya fara faɗinsa, ya dubi murhu ko tsintsiya ya yi musu riga. Abubakar Imam, da ya rubuta Magana Jari Ce wadda ta fara fitowa a 1937, ya ɗebo labaru daga Larabawa da Turawa da wasu al'ummu ya ɗinka musu tufafin Hausa, ya sa su a bakin aku wanda yake ɗauke wa ɗan sarki hankali da hira don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Ba wanda ya ce masa ya ɓata al'ada, ƙara mata ya yi.

Hanyar ƙirar ba ta da wuya. Ka ɗauki abin da yaro ya sani, ka tambayi kanka me yake yi, da wa ya yi kama, sa'an nan ka ɓoye sunan. Ga kaɗan da aka ƙera don wannan fili. "Dokin birni ba ya cin harawa, ruwan kwalba yake sha": kabu-kabu. "Ɗan aike ba ƙafa, ya je Makka ya komo shayi bai huce ba": waya. "Ɗakina duk tagogi, iska ta shiga, mawaƙi ya kwana waje": gidan sauro. "Alƙali ba rawani, ya yanke hukunci ba ya magana": sikeli. Ga kuma biyu na manya, waɗanda yara za su gane in sun girma. "Baƙon wata-wata, ya zo da hantsi bai kwana ba": ma'aikata sun san shi. "Ya fita da dariya, ana nemansa da rantsuwa": 'yan kasuwa sun san shi, bashi ke nan. In ka yi biyu ko uku, ka juya ka ce yaro ya yi nasa. Na farko zai fito a karkace, kada ka yi masa dariyar raini, ka yi kamar ka kasa, ka ba shi gari. Ranar da ɗan shekara 6 ya karɓi Damagaram daga hannun ubansa ba zai manta da ita ba.

Haka tatsuniya. Gizo bai mutu ba, yana nan cikin kasuwa, kowa ya san rumfarsa. Ga misalin wadda ɗan kasuwa zai iya shiryawa a hanyarsa ta komawa gida.

Gatanan gatananku. Wata shekara aka yi fari, hatsi ya yi tsada, sai Gizo ya ce shi ma ya zama ɗan kasuwa. Ya samo tiya biyu, babba da ƙarama, ya ɓoye ƙarƙashin buhun da yake zama a kai. In manomi ya kawo hatsi sai ya jawo babbar ya saya, in mata sun zo awo sai ya jawo ƙaramar ya sayar. Kafin wata uku Gizo ya ɗinka babbar riga, Ƙoƙi ta yi zane goma. Ran nan Kurciya ta kawo hatsinta da safe, buhu cike, aka auna tiya 10, ta karɓi kuɗi don ta sayi maganin ɗanta. Da la'asar sai ga saƙon kuɗi daga wanta, ta komo ta ce a sayar mata da tiya 10. Gizo ya auna mata. Ta juye cikin buhunta, buhu ya ƙi cika. Ta kai ƙara wurin Dila. Dila ya zo ya ce Gizo ya tashi tsaye, aka ɗaga buhu, sai ga tiya biyu. Dila ya ce: "Gizo, ɗan kasuwa tiya ɗaya gare shi. Wacce ce taka?" Gizo ya ce: "Yanka shi daɗe, bayi in yi tunani." Dila ya ce: "Yi tunaninka. In babbar ce taka, duk wanda ka sayar wa sai ka cika masa. In ƙaramar ce, duk wanda ka saya a wurinsa sai ka mayar masa da rararsa."

A nan sai ka tsaya, ka tambayi yara wacce Gizo zai zaɓa. Za ka ji gardama. Babban cikinsu mai kan lissafi zai ce ƙaramar, domin awon da Gizo ya sayar ya fi wanda ya saya yawa. Ƙaramarsu za ta ce ko wacce ya ɗauka babbar riga ta tafi. Ka bar su su yanke, sa'an nan ka rufe da ƙurungus. Ba ka yi wa'azi ba, ba ka ɗaga murya ba, amma an yi lissafi, an yi shari'a, an kuma san tauye mudu abin kunya ne. Wani amfanin kuma, uban da ya ba da wannan labari da dare zai ji nauyin ajiye tiya biyu da safe.

Sai dai a lura da shekaru. Ɗan shekara 3 ko 4 a ba shi abin da idonsa yake gani, kaza da buta da wata, labarin kuma ya zama gajere mai maimaici, a bar Dodo sai ya ƙara girma, don kada a sayo masa firgita. Ɗan shekara 7 ya isa karya-harshe, irin na kwaɗo da ƙato da ƙoto, wanda yake gyara masa furucin k da ƙ tun kafin mushe ya nuna masa ƙugiyarsu a allo. Ɗan shekara 10 a ba shi mai kwalekwale da zai haye da kura da akuya da damin harawa, ba ya ɗaukar biyu a tafiya guda, ba ya barin kura da akuya ko akuya da harawa su kaɗai. In ya gano sawu 7 ne, ya cancanci tukuici. A kuma bar labarun da suke yi wa makaho ko gurgu ko wata ƙabila dariya, ba duk abin da aka gada ne ake miƙawa ba.

Lokacin da ake bukata bai wuce minti 15 ba, kwatankwacin abin da ake ɓatawa kafin shayi na farko ya nuna. Ba a ce a bar majalisa ba, a dai jinkirta mata kaɗan, ko dare biyu a mako. Daren da aka ɗauke wutar lantarki ma, maimakon tsaki, a fito da tabarma. Kada kuma a ce wannan aikin mata ne. Mata sun riƙe shi shekaru aru-aru, Allah shi saka musu, amma yau gidan da babu kaka, uwa kuma aiki ya yi mata yawa, in uba bai karɓa ba waya ce za ta karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗan da ya saba kawo wa ubansa amsar kacici-kacici yana ɗan shekara 6, shi ne zai iya kawo masa damuwarsa yana ɗan shekara 16.

Kafin mu rabu ga naku, ku ma ku taɓa: "Mai magana ba baki, yau a teburin direkta, jibi a wurin mai tsire." Wanda ya gane ya gwada ta a gida daren yau. Wanda ya kasa ya aiko mana da gari, amma a sani ba mu karɓar ƙasa da Tasawa. Allah shi raya mana zuri'a, shi sa albarka cikin nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.